Tambaya: akwai maganin dajin fatar fuska da ba sai an yanka ba?

Abban Hanifa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema musamman daga ma'aikatan lafiya ko wanda abin ya taɓa samunsa. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, zabiya ce, shekararta 27, tana koyarwa a firamare kuma kullum a ƙafa take dawowa da azahar cikin ranar nan tamu. Tun wajen azumin bara wani ɗan ƙurji ya fito mata a kumatun hagu kusa da hanci, lokacin bai kai ƙwayar wake ba, sai ya yi ɓawo ya bushe kamar zai warke, tana alwala ɓawon ya ɓare ya yi jini, ya sake bushewa ya sake ɓarewa, haka muke ta fama har yau. Yanzu ya kai girman ƙwayar gyaɗa kuma gefensa ya tasa ya yi tauri. Ban da shi akwai wasu wurare a goshi da saman kunne masu kaushi, in ka shafa sai ka ji kamar yashi.

Satin da ya wuce na kai ta asibiti, likitan ya duba ya ce yana zargin ciwon daji ne na fata, wai sai an ɗebi ɗan naman wurin an kai gwaji kuma mai yiwuwa a yanke shi gaba ɗaya. Toh anan aka samu matsala, Hajiyarmu ta ce atafau ba za a sa wa 'yarta ƙarfe ba, daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, ita kuma yarinyar tun ranar kuka take saboda an sa bikinta bayan Babbar Sallah, tana ganin za a ɓata mata fuska.

Ni kuma na ɗan bincika a intanet na ga a ƙasashen Turai suna haɗa magani biyu, man shafawa da wani abu mai daskarar da wurin ko kuma haske, wai yana kashe dajin ba tare da tiyata ba. Gaskiya ne? Ana samunsa a nan? Kuma zai yi mata? Wlh duk na rasa yadda zan yi, ni ne babba a gidan kowa ni yake kallo.

Maman Sultan ta rubuta:

Wa'alaikumussalam. Allah sarki, Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne. Ni dai ban san harkar asibiti ba amma gaskiya na fahimci Hajiya, muna da wata maƙwabciya da aka yi wa aiki a nono ba a yi wata shida ba ta rasu, tun daga lokacin nake tsoron abin nan. In har akwai na shafawar ai gara a fara gwada shi, fuskar mace ba abin wasa ba ce balle amarya.

Bakatsine a Ingila ya rubuta:

Wa'alaikumussalam Malam Abban Hanifa. Ni likita ne, ina aiki a ɓangaren fata a nan Ingila, kuma irin wannan ciwon shi ne abin da muka fi gani kullum saboda mutanen nan fararen fata ne. Ban ga ƙanwarka ba don haka ba zan yanke hukunci a kanta ba, amma zan faɗa maka yadda abin yake.

Abin da ka karanta gaskiya ne, ba ƙarya ba. Sai dai dajin fata ba iri ɗaya ba ne, kuma duk maganar a nan take. Akwai wanda muke cewa basal, shi a hankali yake ci, yana cinye wurin da yake amma da wuya ƙwarai ya tafi wani sashe na jiki. Akwai sikwamas, shi ya fi saurin girma kuma yana iya bin hanyar kaluluwa ya sauka a wuya ko gaban kunne. Akwai melanoma, wanda ya fi su haɗari, wannan ba a ma kawo maganar man shafawa a kansa. Sannan akwai waɗannan wuraren masu kaushi da ka ce a goshinta da kunne, yawanci su ba su zama daji ba tukuna, ƙunar rana ce ta shekaru ta lalata saman fatar, amma daga cikinsu ne sikwamas ke tasowa. A wurin Turawa basal ya fi yawa nesa ba kusa ba, a wurin zabiya a Afirka kuwa sikwamas ne aka fi samu, shi ya sa ba na so ka ɗauki abin da aka rubuta don tsohon Bature ka ɗora shi kai tsaye a kan ƙanwarka.

Yanzu maganar haɗin. Man shafawa biyu ne sanannu. Na farko imiquimod, wanda ake sayarwa da sunan Aldara, shi ba da kansa yake kashe dajin ba, garkuwar jiki yake tsokana ta taso wa wurin, ga basal na sama-sama ana shafawa kwana biyar a sati har sati shida. Na biyu fluorouracil, wato Efudix, shi asalinsa maganin daji ne da ake bayarwa ta jijiya aka mayar da shi man shafawa, yana hana ƙwayoyin da suka lalace rarrabuwa. Daskarewar kuma ruwan naitirojin ne, sanyinsa digiri 196 ƙasa da sifiri, ana fesa shi 'yan daƙiƙoƙi wurin ya yi fari fat kamar ƙanƙarar firiza. Wasu likitoci a garin Yowanina na ƙasar Girka su suka tsara haɗa biyun, a shafa imiquimod kullum sati biyar, a ƙarshen sati na biyu a daskarar da wurin sannan a ci gaba da shafawa, hikimar ita ce sanyin ya farfasa ƙwayoyin dajin a daidai lokacin da garkuwar jiki ta riga ta taru a wurin tana jira. Sun ba da rahoton sakamako mai kyau har a fuska, amma a kan basal suka fi yin aikinsu. Na hasken kuma wani mai ne ake shafawa a rufe wurin awa uku, ƙwayoyin dajin su tsotse shi, sai a haska jan haske na musamman ya ƙone su, ana yi sau biyu da sati ɗaya a tsakani, wani lokaci a fara kankare saman ciwon tukuna don man ya shiga. Matsalarsa ba ya wuce zurfin kamar milimita 2.

Ka ga duk ukun abu ɗaya ya haɗa su, daga sama suke aiki. In ciwon ya yi saiwa ƙasa, sai saman ya warke ya yi kyau kowa ya yi hamdala alhali yana can ƙasa yana ci, bayan shekara ɗaya ko biyu ya ɓullo ya fi da girma. Kuma tsakiyar fuska, wato hanci da gefensa, fatar ido, leɓe da kunne, nan ne muka fi tsoron haka.

Bari in ba ka lissafi don kar ya zama ra'ayina kawai. An yi gwaji a nan Birtaniya da mutum 501 masu basal, aka kwatanta imiquimod da yanka, bayan shekara biyar wajen kashi 83 cikin 100 na masu shafawa ciwon bai dawo ba, masu yanka kuwa kusan kashi 98. A Holan an yi wani da mutum 601 masu basal na sama-sama, bayan shekara biyar imiquimod ya tsaya a wajen kashi 80, fluorouracil kashi 70, haske wajen kashi 63. Na Birtaniyan ma a wuraren da ba su da haɗari aka yi, ba tsakiyar fuska ba. Wato na shafawar yana aiki, ba banza ba ne, amma bai kamo wuƙa ba ko a ciwon da ya fi sauƙi.

Ciwon da ka siffanta, mai tauri a gefe, yana jini, ya haura shekara bai warke ba, a kumatun zabiya kusa da hanci, dan girman Allah kar a shafa masa komai kafin a yi gwajin nan. Ɗibar naman allurar kashe zafi ce a wurin, a ciri ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, ɗinki ɗaya ko biyu, ta tashi ta tafi gida da ƙafarta.

Maman Sultan, Allah ya jiƙan maƙwabciyarki. Abin da ke faruwa a wurinmu shi ne ba a zuwa asibiti sai an gama zagaye, ciwon ya riga ya bazu a ciki, sai a yi aiki mutum ya rasu a ce ƙarfe ne ya tayar da shi. Jinkirin ne ya yi kisan, wuƙar dai ita aka gani a ƙarshe.

Zabiyan Zariya ya rubuta:

Salam. Yaya Abban Hanifa ni zabiya ne shekarata 34 kuma duk abin da Likita ya lissafa ban da na hasken an yi min, don haka bari in faɗa maka yadda yake a jiki ba a takarda ba.

Efudix an ba ni na goshi da kumatu, safe da dare sati uku. Kwana huɗun farko ba ka jin komai har ka ce anya maganin na gaske ne, daga kwana na bakwai sai fuska ta fara ja, wuraren da ban ma san akwai matsala ba duk suka fito ɓaro-ɓaro, zuwa kwana goma sha biyu fuskata kamar an watsa min tafasasshen ruwa, tana tsatsafo da ruwa tana ɓawo, in na yi sujada goshina ya manne da darduma, in na kwanta matashi ya ɓaci. Ruwan alwala kansa zafi yake min kamar barkono. Na daina zuwa shago kwana goma saboda kallon mutane, wata tsohuwa a layinmu har gida ta biyo ni da ƙullin magani wai ta ga an yi min jifa. Matata ta ce in daina, na kira likitan ya ce haka ake so, alamar yana cin wuraren da suka lalace ne. Bayan na gama sai da aka yi kamar sati uku kafin fatar ta koma, kuma gaskiya ta yi sumul, kaushin nan duk ya tafi. Na faɗi wannan ne don ƙanwarka ta sani, na shafawar ma ba a yin sa ana gobe biki.

Daskarewar kuma wani abu ne kamar fulas ɗin shayi mai ɗan baki, ana fesawa ka ji sanyi mai ƙuna, washegari wurin ya yi bororo ya fashe ya bushe. Masu baƙar fata yana bar musu farin tabo, mu kam ba a cika ganewa ba.

Amma na kunnena na dama yanka aka yi, kuma da na sani tun farko da ban ɓata lokaci ba. Wata takwas ina shafa masa abubuwa, man zaitun, habbatussauda, har ruwan tumfafiya wani ya sa na ɗiga, ya cinye min fata ya bar ciwon yana nan. Lokacin da na je an ce sikwamas ne, da ƙarami ne da ɗan tsinke za a cire a ɗinke, amma saboda na bari sai da aka yanke saman kunnen kusan rabi. Yau shekara huɗu bai dawo ba alhamdulillah, ina zuwa dubawa duk wata shida, likitan yana shafa wuyana da bayan kunne yana neman kaluluwa.

Ka ce mata ɗan uwanta zabiya ya ce ta daure. Kuma maganar tafiya da azahar ɗin nan dole a san yadda za a yi, lema ko malafa mai faɗi a saman hijabi, da man kare rana mai lamba 50 a fuska da kunne da leɓe da bayan hannu, a sake shafawa bayan alwala. Na san yana da tsada, ni ma wani watan sai na zaɓa tsakaninsa da wani abin, amma ko lokacin hunturu da hazo kar ta bari don rana tana nan tana aikinta.

Famasis Ummi ta rubuta:

Ina goyon bayan duk abin da Likita ya faɗa, ƙari kawai zan yi ta ɓangarenmu na magani tunda na ga an ambaci sunaye kuma na san halinmu, gobe wani zai shiga kemis ya ce a ba shi Efudix.

Na farko kuma mafi muhimmanci tunda amarya ce, fluorouracil ba a shafa shi da ciki, yana iya illata jariri. In za a yi mata na goshin to a yi a gama kafin biki ko kuma a gaya wa likita gaskiyar lokacin da za ta tare. Na biyu, waɗannan mayukan ba kowane shago ake samunsu ba kuma abin da yake da tsada yana da wuyar samu shi 'yan jabu suka fi so, a saya a famasin asibiti ko wurin da likitan ya nuna, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa. Na uku, dan Allah kar a shafa wa ciwon mayukan nan na tub masu sitiroyid da mata ke haɗawa da man bilicin, suna kwantar da jan wurin ka zaci sauƙi ne alhali sun danne garkuwar fatar ne.

Akwai wani haɗin da Likita bai kawo ba wanda nake ganin shi ya fi dacewa da masu kaushin goshi. Ana gauraya fluorouracil da calcipotriol, wani mai ne dangin bitamin D da aka saba bai wa masu wata cutar fata mai ɓawo, a shafa safe da yamma kwana huɗu kacal maimakon sati uku ko huɗu. An gwada shi a Amurka a kan mutum 131, sakamakon ya fito a 2017, a fuska kaushin ya ragu da kusan kashi 88 cikin 100, waɗanda aka ba fluorouracil da basilin kawai na kwana huɗun kuwa kashi 26. Fuska tana ja sosai nan ma amma wahalar ta fi gajarta. Sai dai a lura, na kaushi ne wanda bai zama daji ba, ba na ƙurjin kumatu ba ne, kuma likita ne zai rubuta ya faɗi yadda za a haɗa.

Ƙwayoyin sha ma akwai, irin vismodegib da aka amince da shi a Amurka a 2012, amma na basal ne da ya gagari tiyata, yana sa ɗaurewar tsokar ƙafa da zubewar gashi da ɗaukewar ɗanɗano, yana nakasa jariri a ciki, ga kuɗinsa ba a magana. Ba abin da mai ɗan ƙurji zai nema ba ne.

Abban Hanifa ya rubuta:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wlh kun cire min duhu. Jiya da daddare na karanta wa Hajiya da ita ƙanwar tawa duka, musamman na ɗan uwa Zabiyan Zariya, da na zo wurin kunnen nan Hajiya ta yi shiru ta daɗe ba ta ce komai ba, da asuba ta kira ni ta ce a je a yi gwajin amma ita za ta raka ta. Mun je yau an ɗiba, ɗinki biyu aka yi, an ce mu dawo bayan sati biyu.

Likita tambaya ɗaya ta rage min. Wani abokina ya ce akwai gashi, wato a gasa wurin ciwon, da ake yi da na'ura a Shika ko Sakkwato ko Abuja, shi ma ba yanka. In sakamako ya nuna sikwamas ɗin ne ba za a iya haɗa gashin da man shafawa a bar wuƙar ba?

Bakatsine a Ingila ya rubuta:

Alhamdulillah, a gaishe da Hajiya, ta yi abin da ya dace.

Gashi magani ne na gaske kuma yana kashe sikwamas da basal duka, muna tura mutane. Amma waɗanda muka fi turawa tsofaffi ne da jikinsu ba zai ɗauki aiki ba, ko wanda ciwon yake inda yanka zai yi ɓarna mai yawa, ko kuma bayan an yanka aka ga ya bi jijiya ko bai fita duka ba. Ga 'yar shekara 27 ba ma son farawa da shi, don tabon wuƙa kullum ƙara ɓacewa yake, wurin da aka gasa kuwa da shekaru yake ƙara sirancewa ya canza kama, kuma bayan shekaru masu yawa wani sabon dajin na iya fitowa a wurin, ga shi ba a cika sake gasa wuri ɗaya sau biyu ba. Sannan ba zuwa ɗaya ba ne, kullum ne ranakun aiki har makonni. Wani abin kuma da wuƙa kaɗai ke bayarwa, naman da aka cire ana kai shi a duba gefe-gefensa da ƙasansa a madubin likita a tabbatar an fitar da shi duka, mai da sanyi da gashi babu wanda zai ba ka wannan tabbacin.

In sikwamas ne mai girman gyaɗa, yawanci cire shi ake yi da ɗan lafiyayyen nama milimita 4 zuwa 6 a kewaye, sau da yawa da allurar kashe zafi kawai ba sai an sa ta barci ba, kuma in ɗinkin ya bi layin da ya sauko daga gefen hanci zuwa baki bayan 'yan watanni sai an lura za a gani. Ku roƙa a haɗa ku da likitan tiyatar gyaran jiki, asibitocin koyarwa suna da su. Haɗin mai da daskarewa da ka tambaya tun farko kuma zai yi mata amfani, amma a goshi da kunne, a daskarar da masu kaurin a bi sauran da mai. Zaren ɗinkin fuska kwana biyar zuwa bakwai ake cire shi, don haka ranar da za ku karɓo sakamako ku tafi da ranar bikin a rubuce ku nuna wa likitan, ku tambaye shi ranar aiki mafi kusa, kuma ku ce ya duba mata wuya da gaban kunne tun a ranar.